Canza Kamshaf a Motar A-kori-kura: Yadda Ake Zaɓe da Yadda Ake Ɗaurawa

Wata safiya cikin hunturu, ina zaune a wani gareji da na saba zuwa a bayan gari, aka shigo da wata farar Chevrolet Silverado ƙirar 2004. Tun daga bakin ƙofa ake jin gurnaninta, gud-gud, gud-gud-gud, jikinta duk yana girgiza. Yaran gareji suka ajiye sufanu suka kewaye ta, kowa na yaba ƙarar. Mai motar wani Alhaji ne dattijo mai fataucin hatsi, shi kaɗai ne fuskarsa ba walwala. Bayan gaisuwa ya dubi maigidan garejin ya ce, "Malam, ƙarar nan ita ce kaɗai ribata. Yarona ne ya aiko da ƙarfen daga Amurka, ya ce zai ƙara mata ƙarfi. Yanzu in na loda buhu takwas sai na taka totur har ƙasa kafin ta ɗaga. In na tsaya a danja ta mutu. Mai kuwa kamar ana tsiyaye shi a ƙasa."

Bakaniken ya karɓi takardar da ta zo cikin kwalin, ya duba lambobin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Na motar tsere ne aka ɗaura wa motar kaya."

Abin da ya sami Alhajin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Canza kamshaf yana cikin gyare-gyaren da suka fi ƙara wa injin fetur ƙarfi, musamman manyan injinan Amurka masu silinda takwas. Sai dai duk kamshaf ɗin da ya ba ka wani abu a sama, ya karɓi wani abu a ƙasa. A-kori-kura kuwa a ƙasa take cin abincinta, wato lokacin tashi da kaya, da hawan tudu, da fita daga yashi ko taɓo. Don haka aikin da motar ke yi shi ne zai zaɓa maka kamshaf, kunnenka ya dakata.

Abin da ƙarfen ke yi a cikin inji

Kamshaf dogon ƙarfe ne mai tozaye jere a jikinsa, kowane tozo da bawul ɗin da yake buɗewa. Fistan yana sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta, fashewar ta tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. A wannan zagaye karanshaf yana juyawa sau biyu, kamshaf sau ɗaya. Shi ke yanke lokacin da ƙofar iska za ta buɗe, da faɗin buɗewar, da lokacin rufewa. Haka ma ƙofar hayaƙi.

A injin da zan yi misali da shi, wato 5.3 na kamfanin General Motors da ke cikin Silverado da GMC Sierra tun daga ƙirar 1999, kamshaf ɗaya ne tal a tsakiyar bulok, da tozaye 16. Tozo ya ɗaga lifta, lifta ta tura siririyar sandar turi, sandar ta ɗaga gindin roka, kan rokar ya danna bawul, sifirin ya mayar da shi mazauninsa. Rokar tana ninka ɗagawar tozo sau 1.7.

Duk kamshaf na kirki yana zuwa da takarda, kuma a kanta za ka ga lambobi irin waɗannan: 212/218, sai .550/.550, sai 112. Na farko daɗewa ce, wato digiri nawa karanshaf zai juya bawul yana buɗe, na iska sannan na hayaƙi. Ana auna ta daga lokacin da lifta ta ɗaga da inci 0.050, kusan milimita 1.27, domin a iya gwada na wannan kamfani da na wancan. In ka ga wata babbar lamba kamar 260 ko 270 a jikin talla, wannan wani awo ne dabam, ka nemi na 0.050. Lamba ta biyu zurfin buɗewar bawul ce da inci. Ta uku tazara ce tsakanin ƙololuwar tozon iska da ta tozon hayaƙi. Kamshaf ɗin da injin 5.3 na farko ya fito da shi daga masana'anta daɗewarsa wajen digiri 190 ce, zurfinsa wajen inci 0.46. Ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa injin ke da sararin ƙari.

Daɗewa ita ce uwar magana, bari in tsaya a kanta. Ka ɗauki ƙofar filin wasa. In jama'a a guje suke shigowa, kowane ɗan jinkiri da mai gadi ya yi kafin ya rufe, ƙarin mutane ne a ciki. In kuwa tafiya suke a hankali, filin ya riga ya cika, jinkirin rufewa sai ya sa na ciki su fara komawa waje. Haka iska take. A babban juyi, kamar 5,000 a minti, iskar tana zuwa da gudu, tana ci gaba da cusa kanta ko da fistan ya fara hawa, saboda haka bawul mai jinkirin rufewa yana cika silinda fal. A juyi 1,500 iskar ba ta da wannan gudu, fistan sai ya tura wani kaso nata baya ta ƙofar da ba a rufe ba. Abin da aka matse ya ragu, bugun ya yi rauni. Nan ne ƙarfin motar Alhaji ya tafi.

Akwai kuma ɗan lokaci da bawul ɗin hayaƙi bai gama rufewa ba, na iska ya fara buɗewa. In daɗewa ta yi yawa ko tazarar tozaye ta matse, wannan haɗuwar tana tsawo. A sulo hayaƙi yana komawa cikin silinda, wutar tana kamawa yau da daɗi gobe ba daɗi, shi ne gurnanin da yara ke tafawa. Gurnanin nan alama ce ta inji da ba ya ƙona mai sosai a sulo. Yana kuma rage zuƙar iskar da birkin galibin ƙananan a-kori-kura ke dogaro da ita, sai ka ji feda ta yi tauri a cikin cunkoso. Ga mai ɗauke da kaya wannan ba abin wasa ba ne.

Ba kowace mota ce ta cancanci wannan aiki ba

A-kori-kurar da ta cika hanyoyinmu Toyota Hilux ce, kuma gaskiyar da zan gaya wa mai ita, in sabuwar ƙira ce ya bar kamshaf ɗinsa ya huta. Injin fetur na 2TR-FE mai lita 2.7 kamshaf biyu gare shi a saman top silinda, da na'urar VVT-i mai sauya lokacin buɗewa da kanta, kuma ƙarin da za a samu bai kai kuɗin da za a kashe ba. Na dizal irin su 2KD da 1GD ƙarfinsu a tabo da allurar mai yake. Tundra mai lita 5.7 kamshaf huɗu ne da ita, lissafin kuɗin kaɗai ya isa ya hana.

Tsohuwar Hilux mai injin 22R ita kam tana karɓar ƙaramin kamshaf, kuma yana sama inda hannu ke kaiwa. Abin lura a nan, ƙusoshin da suka riƙe jerin roka su ne suka riƙe top silinda, saboda haka in ka kwance su ka taɓa gasket, gara ka tanadi sabo. Tozayenta gogayya suke da roka kai-tsaye, don haka sabon kamshaf yana son sababbin roka, da baƙin mai mai sinadarin zinki, da gudun farko na minti 20 zuwa 30 a juyi 2,000 zuwa 2,500 ba tare da an bar shi a sulo ba. Tazarar tafet ta asali milimita 0.20 ce a na iska, 0.30 a na hayaƙi, inji da zafi, sai in takardar sabon kamshaf ɗin ta faɗi wani abu dabam.

Inda aikin ya fi biyan kuɗinsa shi ne injinan GM na 4.8 da 5.3 da 6.0, waɗanda ke shigowa ƙasashenmu cikin motocin gwanjo daga Amurka. Can ne wannan sana'a ta yi ƙarfi, kamfanoni irin su Comp Cams da Brian Tooley Racing da Texas Speed suna ƙera kamshaf musamman don motocin kaya. Injin 5.3 na 2004 dawakai 295 kamfani ya rubuta masa. Matsakaicin kamshaf da saiti mai kyau kan ƙara masa 30 zuwa 50, amma galibin ƙarin daga juyi 4,000 zuwa sama yake. Ka tambayi kanka sau nawa allurar agogonka ke kaiwa can a mako.

Kafin kuɗi su fita daga aljihu, a gwada lafiyar injin. A auna matsin kowace silinda. In wata ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, a nemi dalili tukuna. A duba ƙarfin baƙin mai bayan inji ya yi zafi sosai. Injin da ke shan baƙin mai, ko yake oba-hitin, ko giyarsa ke zamewa, gyara yake nema. Sai ka tabbatar da irin injin da ke motarka. A ƙirar 1999 zuwa 2006, harafi na takwas a lambar shasi yana faɗa: V na 4.8 ne, T ko Z na 5.3, U na 6.0. A cikin akwatin gaban fasinja akwai takarda mai jerin lambobi, GU6 na nufin giyar aksul 3.42, GT4 3.73, GT5 4.10. Mota mai 3.42 da aka ɗaura wa manyan tayoyi ta riga ta yi nauyin tashi, ba ta da abin da za ta sadaukar a ƙasa.

Zaɓe

Ga ra'ayina, kuma a kansa nake. Motar 5.3 da ke ɗaukar kaya ko jan tirela, daɗewar bawul ɗin iska kada ta wuce digiri 204 zuwa 212, tazarar tozaye 112 ko kusa da haka, zurfi kada ya haura inci 0.550. Irin wannan yana tashi da safe ba gardama, yana zama da giyabos na asali, kuma daga tsakiya zuwa sama za ka ji motar ta buɗe. Daga 212 zuwa 218 na wanda motarsa ta hawa ce, kaya jefi-jefi. Abin da ya kai 220 ya wuce, ya bar sahun motar aiki. Kamshaf ɗaya kuma ba ya hali ɗaya a kowane inji: wanda ya zauna lafiya a 6.0 zai yi wa 4.8 yawa. In kana shakka tsakanin biyu, ɗauki ƙaramin. Ban taɓa ganin mai a-kori-kura ya dawo yana kukan kamshaf ɗinsa ya yi kaɗan ba, amma masu kukan ya yi yawa na gani.

Dalilin iyakar 220 yana cikin giyabos. Kwanbatar asali tana kamawa ne tun wajen juyi 1,600 zuwa 1,800. Babban kamshaf ba shi da ƙarfi a nan, ga shi yana son a ɗaga sulo, sai motar ta riƙa turo kanta kana kan birki, in ka taka kuma ta yi nawa. Maganinsa sabuwar kwanbata mai sakin inji ya hau sama kafin ta kama. Ita kuma zafi take haifarwa, ga giyabos ɗin 4L60E da ma ba gwanin jure wahala ba ne, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Kuɗi na kiran kuɗi ke nan: kwanbata, da ƙarin na'urar sanyaya man giya, da aikin sauke giyabos.

Kamshaf ba ya tafiya shi kaɗai. Dole ne sababbin sifirin na bawul, domin na asali ba a yi su don zurfin 0.550 ba. In sifirin ya gaza, bawul zai yi shawagi a babban juyi, in ya karye kuwa bawul ya faɗa kan fistan, injin ya tashi aiki. Ka haɗa da robobin wuyan bawul, da gasket na murfin gaba da silinsa, da na famfon ruwa, da sabuwar ƙusar fulin karanshaf, wadda sau ɗaya ake ɗaure ta. In motar ta yi tafiya mai nisa, sarƙar taimin da famfon baƙin mai ma a canza tunda an riga an buɗe. Kamshaf irin wannan da wuya ka tsince shi a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, oda ake yi. Ka yi odar komai lokaci guda daga dillali sananne, don jabun lifta masu kwalin kamfani sun yi yawa a kasuwannin intanet, kuma lifta ɗaya mara kyau ta isa ta cinye sabon tozo.

Masu ƙirar 2007 zuwa 2013 suna da ƙarin magana. Yawancin injinan 5.3 na waɗannan shekaru suna da tsarin AFM, mai kashe silinda huɗu, ta 1 da 4 da 6 da 7, in mota ba ta jan nauyi, don tsimin mai. Liftocin waɗannan silindu sun yi suna wajen maƙalewa. Alamarsa ƙarar tak-tak-tak daga sama da inji mai ɗingishi, kuma sau da yawa kafin a farga tozo ya goge. Mutane da dama ta wannan ƙofa suke shiga canjin kamshaf. Galibin kamshaf na ƙari ba sa aiki da liftocin AFM, sai an canza duka 16 da mazaunansu na roba da murfin kwarin inji, an kuma kashe tsarin a kwamfutar mota. A wannan inji ba a fitar da lifta sai an sauke top silinda biyun, wato ƙarin gasket da sababbin ƙusoshi. Tsofaffin injina kamshaf ɗinsu ƙusa uku ke riƙe gindin sarƙarsa, na'urar da ke karanta juyinsa tana bayan bulok. Sababbin ƙusa ɗaya ce, na'urar tana murfin gaba, daga 2010 kuma 5.3 ya samu mai sauya lokacin buɗewa. Ka gaya wa mai sayarwa shekara da lambar inji daidai, in ba haka ba a ɗaura komai mota ta ƙi tashi.

Ranar aiki

Zan bi aikin a kan injin 1999 zuwa 2006 mara AFM, wanda ake yi ba a sauke top silinda ba. Ka ware kwana biyu. A yi shi a ƙarƙashin rumfa mai siminti, a wanke injin kafin a buɗe, a tanadi tsummoki masu tsabta na rufe duk ramin da aka buɗe. Ƙurar hunturu in ta shiga hanyar baƙin mai ba ta da maraba da yashin goge ƙarfe.

A cire kan batir, a zubar da ruwan lagireto. A fitar da bututun iska, da fanka da rumfarta, da fambel, da lagireto, da famfon ruwa. Kamshaf ɗin kusan rabin mita ne kuma ta gaba zai fito, don haka kwandensar na'urar sanyi ma sai an kwance ta an karkatar a hankali, ba lallai a zubar da gas ɗinta ba. A sama, a cire koyil da murafun bawul da filogi, a kwance roka da sandunan turi, a jera su a kan kwali bisa tsarin da suka fito.

Ƙusar fulin karanshaf mai kan 24 ce kuma a ɗaure take tamau. A riƙe filawil da abin riƙonsa, a kwance ta, a zare fulin da fula mai ƙafa uku. Kada a kai masa guduma, fita ko shiga. Sai murfin gaba, a tuna akwai ƙusa biyu da suka shigo masa daga ƙasa ta kwanon baƙin mai. Yanzu sarƙa ta bayyana. A juya inji da hannu har ɗigon babban gindin sarƙa ya dubi ƙasa, na ƙaramin ya dubi sama, su fuskanci juna. Daga nan karanshaf ba ya sake motsi har a gama. A kwance ƙusa uku, a cire gindin, a kwance farantin da ya tare kamshaf.

Nan ne wurin da ake riƙe numfashi. Liftoci 16 suna zaune a kan tozaye, in aka zare kamshaf haka kawai za su iya faɗawa ciki, wadda ta faɗa kuwa sai an sauke top silinda ko kwanon mai. Dabarar ita ce a ɗaura dogayen ƙusoshi a hancin kamshaf, na famfon ruwa suna shiga, a juya shi da sauri sau da yawa. Tozaye za su tura liftoci sama su maƙale a mazaunansu na roba. A tsohon inji robar ta saki, ba a amince mata. Sai a zura sanduna biyu masu santsi, kaurin milimita 8, cikin ramuka biyu na hanyar mai da ke gefen kamshaf, dama da hagu, har ƙarshe. Su za su tokare liftocin. Sandar ta shiga da lallami. In ta cije, a sake juya kamshaf, kada a buga.

Na ga maigidan garejin nan yana zare na Alhaji. Hannu ɗaya a kan ƙusoshin, ɗaya a ƙarƙashi yana tallafe, yana juyawa kaɗan yana ja kaɗan, duk sanda wuyan ƙarfen ya fita daga mazauninsa sai ya tsaya ya daidaita nauyin. Mazaunai biyar ne, ƙarfensu mai laushi, kaifin tozo ɗaya in ya karce su ƙarfin baƙin mai ya ragu har abada. Yaron da ke riƙe masa fitila ya buɗe baki zai yi magana, ya ce masa, "Kai, bari sai ya fito."

A wanke sabon kamshaf ko da ya fito daga leda, a shafe wuyansa da tozayensa da man haɗa inji, a shigar da shi yadda aka fitar da tsohon. A zare sandunan nan biyu, kada a manta da su. A sa sabon faranti, don robar bayansa ita ke toshe hanyar mai. Ƙusoshinsa masu kai shida Nm 25 ne, na gindin sarƙa Nm 35 da ɗigon gam na ƙusa. A sake duba ɗigo da ɗigo. Haƙori ɗaya in ya goce, inji zai rasa ƙarfi, in ya fi haka bawul ya gamu da fistan. In an cire famfon baƙin mai, a kula da zoben roba na bututun da ke zuƙo mai daga kwano. In ya ciza ko ya yage, famfon zai zuƙi iska, ga sabon aiki ga allurar mai a ƙasa.

Sifirin ana canza su silinda bayan silinda. A kawo fistan sama, a cusa iskar kwamfuresa ta ramin filogi ta riƙe bawul, ko a zura igiya mai laushi a matse ta da fistan. A danne sifirin, a cire 'yan kota biyu da maganaɗisu, a toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa tukuna don kota ƙanana ne kuma sun san hanya. Sabuwar roba, sabon sifirin, a mayar da kota, a ɗan ƙwanƙwasa a tabbatar sun zauna.

Sandar turi ta asali wajen inci 7.4 ce, amma gindin tozon sabon kamshaf yakan fi na tsohon ƙanƙanta, sai sandar ta zama gajera. A auna da sandar gwaji mai zare, a ƙara gwargwadon dannin da mai ƙera lifta ya rubuta. Gajera tana kawo ƙara, doguwa tana hana bawul rufewa. Ƙusar roka Nm 30 ce, kuma ana ɗaure ta ne lokacin da lifta ke kan gindin tozo. Hanya mai sauƙi: in bawul ɗin hayaƙi ya fara buɗewa, ɗaure rokar iska ta wannan silinda, in na iska ya kusa gama rufewa, ɗaure ta hayaƙi. Bayan haka a juya inji da hannu zagaye huɗu. In ya tokare a wani wuri, a tsaya a nemo dalili. Wanda ya ɗaura babban kamshaf ko aka taɓa fere masa top silinda, wajibi ne ya auna tazarar bawul da fistan, kada ta gaza inci 0.080 a na iska, 0.100 a na hayaƙi.

Murfin gaba a sa shi sako-sako, fuli ya shiga ya daidaita sil a tsakiya, sannan a ɗaure, da ɗan gam a kusurwoyin da ya haɗu da kwano. Fulin ana tura shi da doguwar ƙusa ta musamman. A ɗaura tsohuwar ƙusa zuwa Nm 330 don ya zauna, a cire ta, a sa sabuwa zuwa Nm 50, a ƙara juyin digiri 140. Fulin nan ba shi da makulli a jikin karanshaf, matsin ƙusar ne kaɗai ke riƙe shi. Garejin da ba shi da sufana mai awo bai dace da wannan aiki ba, komai sunan maigidansa.

Tayarwa da saiti

Sabon baƙin mai da sabuwar filta. A cire fis ɗin famfon fetur, a yi ta bugun sitata a gajerun lokuta har allurar mai ta motsa, sannan a mayar a tayar. Ido a kan allurar mai. In daƙiƙa kaɗan suka wuce ba ta hau ba, a kashe. 'Yar ƙarar lifta ta mintunan farko ba komai ba ce. Liftocin wannan inji masu taya ne, ba sa buƙatar gudun farko irin na 22R, amma sababbin sifirin suna son a bar inji ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku kafin a taka shi da ƙarfi. A fitar da iskar da ta maƙale a lagireto, a duba yoyo.

Saura rabin aikin, wanda aka tsallake a motar Alhaji. Kwamfutar mota, wadda makanikai ke ce wa birenbos, har yanzu lissafin tsohon kamshaf take yi. Sai an gyara mata yawan iskar sulo, da juyin sulo, da teburin mai, da lokacin wuta, da lokacin canjin giya. In ba a yi ba, mota za ta riƙa mutuwa a mahaɗa, tana kunna fitilar inji da lambar P0300, tana shan mai a banza. Ana yin wannan da na'urori irin su HP Tuners ko EFILive, ta soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. In babu gwani a garinku, ana iya ɗaukar bayanan tafiyar motar a aika wa mai saiti ta intanet ya dawo da gyara, sau uku ko huɗu har ta zauna. Ka shirya wannan tun kafin a kwance ƙusa ta farko. Ka kuma gaya masa a fili cewa ƙasarku da zafi, motar kaya take ɗauka, fetur kuma ba kullum ake samun iri ɗaya ba, don ya bar sarari a lokacin wuta. Dawakai biyar da za a rasa a nan sun fi fistan da ya fashe araha.

Batun shan mai, tun da aka cire tallafi a Najeriya a watan Mayun 2023 ba wanda zai ce bai dame shi ba. Ƙaramin kamshaf mai saiti ba ya canza lissafin doguwar hanya sosai. Babba yana ƙara sha a cikin gari, cire AFM ma yana ƙarawa kaɗan. Duk wanda ya ce maka babban kamshaf zai rage maka kuɗin mai, ciniki yake nema.

Motar Alhaji an sauke mata wancan, an ɗaura mai 206 a bawul ɗin iska, an yi saiti. Gurnanin ya tafi, ta koma tashi da buhunanta ba tare da an taka har ƙasa ba. Kai ma in an gama naka, ka canza baƙin mai bayan kilomita 800 ko 1,000, ka sa a yanka tsohuwar filta a duba ko akwai garin ƙarfe. Takardar kamshaf ɗin, da tsawon sandar turi, da kwafin saitin kwamfuta na asali, ka adana su tare da takardun mota, ka nuna wa duk bakaniken da zai taɓa injin bayan yau.